Akwatin koyar da yara kifin shak: abin da na gani bayan wata biyu a aji

A farkon zangon karatun bana na sayi wani akwatin kayan koyarwa a ɗaya daga cikin shagunan littattafai da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, a kan jaka 9, domin ɗalibaina 'yan shekara 5 zuwa 7. Akwatin na kifin shak ne, wanda littattafan makaranta ke kira requin da Faransanci. A cikinsa akwai siffofin roba guda 6, da katuna 12 masu hoto da bayani cikin Faransanci da Ingilishi, da muƙamuƙin roba mai jerin haƙora, da wani ɗan allo mai kaushi da aka yi domin yaro ya shafa ya ji yadda fatar kifin take. Na yi wata biyu ina aiki da shi, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗa wa malamai da iyaye abin da za su samu idan suka kashe kuɗinsu a kansa.

Dalilin da ya sa na saye shi a fili yake. Tsakaninmu da bakin teku a Kiribi ko Limbe akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota, kuma babu ko ɗaya a cikin yaran ajina da ya taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ko tafkin Lagdo girma. Yaron da bai san teku ba, idan aka zauna ana karanta masa labarin halittun cikinsa, to tatsuniya kawai ake yi masa. Ina neman abin da za su riƙe a hannu, kuma ta wannan fuska akwatin bai ba ni kunya ba.

Muƙamuƙin roban shi ne ya fi komai amfani. An ƙera shi yadda ake ganin haƙoran gaba a tsaye, na bayansu kuma a kwance layi-layi suna jiran lokacinsu, domin haka halittar kifin take: haƙori ya faɗi, na baya ya matso ya maye gurbinsa, har iyakar rayuwarsa. Yaran da na ba wa shi suna cikin shekarun famfara, rabinsu da giɓi a baki, don haka ban sha wahalar bayani ba. Wata yarinya ta tura harshenta cikin giɓinta, ta dubi muƙamuƙin, ta ce, "Malama, ashe shi kullum famfara yake yi?" Na ce mata haka ne, sai dai mu sau ɗaya muke canza haƙora, shi kuwa ba ya dainawa. Har yau babu wanda ya manta wannan darasi a cikinsu.

Allon nan mai kaushi ma an yi shi da tunani. Idan yaro ya shafa shi daga kai zuwa wutsiya zai ji santsi, idan ya juyo da hannunsa baya sai ya ji kamar sanfefar kafinta. Fatar kifin shak a lulluɓe take da ƙananan ɓawo masu ƙirar haƙori, duk sun kwanta suna fuskantar wutsiya, kuma su ne ke rage masa turjiyar ruwa idan yana gudu.

Katunan kuwa, galibin bayaninsu daidai ne. Sun faɗi cewa kifin ba shi da ƙashi, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa, cewa yana da tsagogin numfashi 5 zuwa 7 a kowane gefe, cewa ire-irensa sun haura 500, kuma kakanninsa suna cikin teku tun fiye da shekara miliyan 400. Amma yaro ɗan shekara 6 da ke magana da Hausa ko Fulatanci a gida ba zai ɗauki komai daga jimlar Faransanci mai kalmomin kimiyya ba, sai malami ya zauna ya juya ta. Don haka na ajiye katin guringuntsi, na ce kowa ya kama kunnensa ya lanƙwasa, sannan ya taɓa kan hancinsa. Da muka zo kan hanta, na kawo kwalba na zuba ruwa da man gyaɗa, suka ga man ya hau sama ya zauna. Karfasa tana da jakar iska a cikinta, wadda duk yaron da ya taɓa tsayawa kusa da uwarsa tana gyaran kifi ya gani, amma shak ba shi da ita, babbar hantarsa mai cike da mai ita ce ke taimaka masa kada ya nutse. Akwatin bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba, kuma malamin da ya saye shi ya san da sauran aiki a gabansa.

Akwai kura-kuran da ba zan rufe ido a kansu ba. Siffofin nan 6 duk girmansu ɗaya, saboda haka yaran suka ɗauka shak mai kan guduma da babban shak mai ɗige-ɗige tsaransu ɗaya, alhali shi mai ɗige-ɗigen ya fi kowane kifi girma a duniya, yana kai mita 12 har ya wuce, kuma abincinsa ƙananan halittu ne da yake tacewa daga ruwa. Sai da na auna igiya mita 12 na shimfiɗa a tsakar makaranta, yara 10 suka kwanta kai da ƙafa a gefenta ba su cike ta ba, sannan abin ya shige su. Wani kati ya ce shak yana mutuwa da zarar ya daina iyo, wanda gaskiya ne ga wasu ire-irensa kawai, domin akwai masu kwanciya a ƙasan teku suna zuƙar ruwa da baki. Hoton marfin akwatin kuma baki ne a wangame da jini, abin da ya sa ƙaramin cikin yaran ya ƙi taɓa komai a ranar farko. Mafi muni, haƙora biyu sun ɓalle daga muƙamuƙin a mako na uku, kuma ƙanana ne da jariri zai iya haɗiyewa. Duk gidan da ke da mai rarrafe ya kiyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da akwatin bai faɗa ba, ko da yake na san ba don yaran Garwa aka tsara shi ba. Katin da ke bayanin yadda shak yake jin wutar lantarkin jikin wasu kifaye ta ƙananan ramukan da ke hancinsa ya gagari yaran, har sai da na ambaci minjirya, wadda duk ɗan bakin kogi ya san tana jan mutum idan ya taɓa ta. Batun duhun baya da farin ciki, wanda ke ɓoye kifi daga mai kallonsa ta sama da mai kallonsa ta ƙasa, tarwaɗa ɗaya da na sayo a kasuwa ta warware shi. Sannan ga 'yar uwar shak ta jini a cikin koginmu, wato kunamar ruwa, mai faɗin jiki kamar faifai da ƙari a wutsiya, wadda ita ma guringuntsi ne jikinta. A shekarar 1962 masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana ta ga duniyar kimiyya daga Binuwai, suka kuma raɗa mata sunan garouaensis, wato ta Garwa. Yaran sun yi shiru da na faɗa musu akwai kifin da ke ɗauke da sunan garinsu a littattafan duniya.

Na so su gan ta da idonsu, don haka na je bakin gada wajen wani dattijo masunci, na gaishe shi na ce, "Baba, ko ana samun kunamar ruwa yanzu?" Ya ajiye komar da yake ɗinki, ya ce, "'Yata, da muna samari sai mun ja ƙafa a yashi idan za mu shiga ruwa saboda tsoron ƙarinta, yanzu kuwa na manta rabon da ta faɗo mini a koma." Ya yarda zai zo makaranta ranar Laraba ya zana wa yaran ita a ƙasa, ya nuna musu tabon da ta bar masa a dunduniya, ni kuma zan ajiye siffar shak ta roba a gefen zanen domin su ƙirga tsagogin numfashin kowanne.