Mint ko Fedora: amsa ga mai shagon caji da bidiyo ya ƙi buɗe masa

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka sa Fedora, wato wani nau'in Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows), a tsohuwar laftof ɗin shagonka ta tura fina-finai da karatu, amma bidiyon bikin da aka kawo maka murya kawai ke fita, allo baƙi ƙirin, kana tambaya ko ka koma Linux Mint, wani nau'in Linux ɗin.

Laftof ɗinka lafiyarta lau wallahi. Abin da babu a ciki shi ne kodek, wato ɗan abin da ke warware bidiyon. Sabbin wayoyi da yawa da tsarin bidiyo na H.265 suke ɗauka, shi kuma akwai haƙƙin mallaka a kansa, Red Hat da ke bayan Fedora kamfanin Amurka ne, doka ba za ta bar su su raba shi haka nan ba. MP3 ma sai da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare a 2017 suka sake jiki da shi. H.264 kuwa, tsarin bidiyon da ya riga H.265 fitowa, ta hannun kamfanin Cisco suke samo shi.

To a Fedora sai ka fara ƙara ma'ajiyar RPM Fusion, wato inda ake sauko da manhajojin da Fedora ba ya rabawa, ɓangarenta na free da na nonfree, sannan a tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo dnf swap ffmpeg-free ffmpeg --allowerasing. Yana yi sosai, amma Fedora duk bayan wata shida sabo ke fitowa, ga sabuntawa kusan kullum, mu kuma nan gefen Ringim ka san yadda sabis yake, sai ka ɗora waya a kan katanga kafin ya kawo, data kuma ba arha ba.

Mint kuwa tun wajen sakawa akwai ɗan akwatin kodek da za ka danna, shikenan. In ka manta, sudo apt install mint-meta-codecs. Shi ma fa sai da intanet, ba ya cikin filas ɗin da za ka saka Mint da shi, don haka ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ka yi shi gaba ɗaya. Kuma shekara biyar ana kula da shi ba sai ka canja ba.

Ni dai Mint na sa wa ƙanena a shagonsa, ranar kasuwa mutane na tsaye da memori a hannu ba lokacin bincike ba ne. Amma in ba ka son goge kayanka wajen saka Mint, fara sauko da VLC, manhajar kallon bidiyo, daga Flathub, wato wata ma'ajiyar manhajojin Linux, tukuna, da nasa kodek yake zuwa, ka gwada bidiyon bikin nan a kai ka faɗa mana.