Wane Katun Ne Ya Cancanci Kuɗin Tikiti, Wane Ne Zai Iya Jiran Talabijin Na Gida?

Magidancin da yake da 'ya'ya huɗu, idan ya yi niyyar kai iyalinsa sinima ranar Asabar, tikiti 6 zai yanka tun kafin a zo maganar gugguru da lemo da kuɗin mota, kuma yawancin gidajen sinima na zamani ba sa barin mutum ya shiga da abincin da ya sayo daga waje. Wannan lissafi ne ya sa fita kallo ya zama abu na hutun makaranta, ko na yawon Sallah, ko na lokacin Kirsimeti. Wanda ba zai fita ba sai sau biyu ko uku a shekara, bai kamata ya bar hoton talla ko ihun yara ya zaɓa masa fim ba. Shekarun 2024 da 2025 sun zo da finafinan katun da suka sha bamban ƙwarai da juna, kuma ko da yake sun riga sun sauka daga majigi, kwatanta su yana koya wa mutum halin kowane kamfani, domin kamfanonin nan ba su cika sauya salonsu ba idan sun zo fitar da na gaba.

Abu na farko da za a ajiye gefe shi ne yawan kuɗin da fim ya tara. Inside Out 2 na kamfanin Pixar, wanda ya fito a watan Yunin 2024, ya tara kusan dala biliyan 1.7, ya zama katun ɗin da ya fi kowane ciniki a tarihi, har sai da Ne Zha 2 na ƙasar Sin ya ture shi a farkon 2025 da fiye da dala biliyan 2. Amma kusan duk cinikin Ne Zha 2 a cikin ƙasar Sin aka yi shi, a wurin mutanen da suka tashi da jin labarin Ne Zha, gwarzon fim ɗin, tun suna goye, kuma tsawonsa ya kai minti 144, cike da yaƙe-yaƙe. Yaro ɗan shekara biyar da bai san tatsuniyar ba, biliyan biyun nan ba za su zaunar da shi a kujera sa'a biyu da rabi ba.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne ƙaramin cikin yaran da za a tafi da su: shekarunsa nawa, kuma yaya jin Turancinsa yake? Masu yabon finafinan nan a Amurka da Ingila ba sa kawo wannan tambaya, domin 'ya'yansu da harshen suka buɗe baki. Mu kuwa muna da yaran da suke cin jarrabawar Turanci a makaranta, amma idan Ba'amurke ya saki magana da sauri, ga barkwanci a ciki, sai su yi shiru suna kallon hoto kawai.

A kan wannan ma'auni Inside Out 2 yake faɗuwa ga ƙanana, ya kuma tashi ga manya. Labarin yarinya ce 'yar shekara 13 da ta shiga balaga, an mayar da abubuwan da take ji a zuciya mutane masu rai da ke zaune cikin kanta suna gardama a kan wanda zai riƙe akalarta: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, sannan sababbin baƙi irin su hassada da jin kunya, da uwa uba fargaba. Abin da masu kallo suka fi yabawa shi ne wani wuri kusa da ƙarshe, inda yarinyar take zaune ita kaɗai a gefen filin wasa, ƙirjinta yana bugawa, numfashinta yana sarƙewa, a cikin kanta kuma fargaba tana juyawa kamar guguwa har ta kasa sakin abin da ta kama. Manya da yawa sun ce sun ga kansu a wurin. Masu suka sun ce tsarin labarin maimaicin na farko ne, wanda ya fito a 2015, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai duk daɗin fim ɗin a cikin zance yake, har da wasa da kalmomin Turanci da ba sa fassaruwa. Idan 'yarka ta kai aji ɗaya ko biyu na sakandare, wannan fim nata ne, kuma zai iya buɗe hirar da uwa ta daɗe tana neman hanyar farawa. Ga ɗan shekara shida kuwa, launuka kawai zai gani, kuma launuka ba su isa dalilin yankar tikiti ba. A ganina fim ne na falo, inda za a iya tsayar da shi a yi bayani sannan a ci gaba.

The Wild Robot na kamfanin DreamWorks, wanda ya fito a watan Satumban 2024, shi ne akasin haka, kuma shi ne wanda zan ce ya fi cancantar babban majigi a cikin duk waɗanda zan ambata. Wani mutum-mutumi ne da jirgin ruwa ya kife da shi ya faɗa tsibirin da babu ɗan Adam, bisa tsautsayi ya murƙushe sheƙar dinya, ƙwai ɗaya ya tsira, ɗan tsakon da ya fito kuma ya ɗauke shi uwa. Daga nan aikin ya zama ciyar da shi, da koya masa iyo, da koya masa tashi kafin sanyi ya shigo. Yaron da bai ji kalma ɗaya ba zai fahimci wannan, domin duk gidan da ake kiwon kaji an san abin da ake nufi da tsako maraya. An zana shi kamar da buroshi aka shafa fenti, kuma wurin da dubban tsuntsaye suke tashi hijira a lokaci guda, sama ta cika da fukafukai, abu ne da allon waya ba zai taɓa ba shi haƙƙinsa ba. Lupita Nyong'o, 'yar asalin Kenya, ita ce ta yi muryar mutum-mutumin. Abin da iyaye suka fi faɗa a kansa shi ne sun je domin yara, amma su suka fito suna share hawaye. Akwai gargaɗi guda: fim ɗin bai ɓoye cewa dabbobi suna cin juna ba, yana ma yin raha da mutuwa a wurare da dama, sannan akwai gobarar daji da faɗa mai ƙara a ƙarshe. Tsawonsa minti 102 ne. Yaro mai saurin firgita ya zauna kusa da mahaifiyarsa.

Wanda ya fi shi sauƙin harshe shi ne Flow, na ƙasar Latbiya, domin babu magana a cikinsa ko ɗaya. Kyanwa ce ambaliya ta cinye mata gida, ta faɗa kwalekwale tare da kare da wasu dabbobi, kuma kukansu kawai ake ji. Da manhajar Blender, wadda kyauta ake samunta, aka yi shi, kuma ya ci kyautar Oscar ta katun a watan Maris na 2025, ya doke na manyan kamfanonin Amurka guda biyun da na gama bayani a kansu. Yana tafiya a hankali, saboda haka yaron da ya saba da tsalle-tsalle zai iya ƙosawa.

Idan kuwa buƙatar ita ce yara su yi dariya har su riƙe ciki, Despicable Me 4 na kamfanin Illumination ya wadatar. Masu sharhi sun ce an cusa masa labarai da yawa da ba su haɗu ba, yara kuma ba su damu ba, domin ƙananan halittun nan masu launin rawaya ba wani harshe suke yi ba, faɗuwa da duka da ɓarna ne aikinsu. Dariyar ba ta raguwa a talabijin, don haka ban ga dalilin gaggawa ba.

Moana 2, wanda ya fito a watan Nuwamban 2024, yana koyar da darasi na daban a kan finafinan da suke ci gaban na baya. Da farko shiri ne mai kashi-kashi aka tsara domin manhajar kallo ta Disney+, daga baya aka ɗinke shi ya zama fim ɗaya, kuma masu kallo da yawa sun ce ana ganin ɗinkin: labarin yana tsalle daga wannan tasha zuwa waccan, waƙoƙinsa kuma ba su kama baki kamar na fim ɗin 2016 ba. Duk da haka ya haura dala biliyan 1, saboda yara sun riga sun san fuskar. Teku da raƙuman ruwansa suna da kyau a majigi, wannan ba a musu. Amma sunan da aka sani ba shaida ba ce ta cewa na biyu ya kai na farko, kuma jinkirin mako ɗaya domin jin bakin waɗanda suka riga ka shiga ba ya rage komai.

Akwai kuma batun abin da fim yake ɗauke da shi, wanda alamar shekaru ba ta warware shi. Biyar ɗin da na bi ɗaya bayan ɗaya duk alamar PG aka ba su a Amurka, wato a kalla da sa idon iyaye, amma masu ba da alamar tashin hankali da zagi da tsiraici suke aunawa bisa al'adarsu. Ba ruwansu da cewa labarin Moana a kan gumakan mutanen tsibiran Fasifik aka gina shi, ko cewa KPop Demon Hunters, wanda ya fito a Netflix a watan Yunin 2025 har ya zama fim ɗin da aka fi kallo a tarihin manhajar, labarin 'yan mata mawaƙa ne masu yaƙar aljanu da waƙa da rawa. Wani gidan zai ɗauki wannan tamkar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wani gidan kuma ba zai so ba, kuma kowa ya san tarbiyyar da yake yi. A 2022 ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun hana nuna katun ɗin Lightyear saboda wani ɗan gajeren wuri da mata biyu suka sumbaci juna, alhali shi ma PG ne. A Najeriya hukumar tace finafinai ta ƙasa tana ba da nata alamomin, irin su G da PG da 12 da 15 da 18, kuma yana da kyau a duba su a jikin takardar talla, amma minti goma da uba zai ɓata yana karanta taƙaitaccen labarin fim ya fi kowace alama amfani.

Idan an tsayar da fim, saura irin ɗakin. Tikitin 3D ya fi tsada, tabaransa yana rage hasken hoto, kuma sau da yawa ya fi ƙarfin fuskar ƙaramin yaro. Na taɓa biyan wannan ƙarin kuɗi a wani gidan sinima, na zauna ina kallon ɗana yana tura tabarau da yatsa duk bayan minti ɗaya yana zamewa daga karan hancinsa, har ya gaji ya cire ya ɗora a cinya, ya ƙarasa fim ɗin yana kallon hoto bibbiyu. Tun daga ranar nake yankar na gama-gari idan akwai wanda bai kai shekara takwas ba. IMAX, wanda aka buɗe na farkonsa a Najeriya a Lekki ta Legas a 2016, majiginsa da sautinsa sun fi girma, kuma girman sautin ne yake sa wasu ƙanana su toshe kunne.

Jira a gida ma yana da nasa lissafin. Ba a daɗewa yanzu: Inside Out 2 ya shiga Disney+ a watan Satumban 2024, wato bayan wata uku da 'yan kwanaki da fitowarsa. Matsalar ita ce Disney+ ba ta buɗe a hukumance a Najeriya ba, ko da yake ta shiga Afirka ta Kudu tun 2022, abin da ya sa hatta Iwájú, shirin katun mai kashi 6 da aka gina a kan birnin Legas na nan gaba, sai ta wata hanya ya iso ga mutanen da aka yi shi a kansu. Netflix tana aiki, amma a tuna da data, domin kallo mai kaifin hoto yana iya cin gigabayit 3 a sa'a ɗaya, sai dai idan an sauke fim ɗin da dare lokacin da datar take da araha, ko an rage kaifin. Shagunan masu tura finafinai a waya su ne mafi sauƙin kuɗi, amma ban da maganar haƙƙin mallaka, sabon fim a wurinsu sau da yawa wanda aka ɗauka da kyamara ne a cikin sinima, hoto dishi-dishi, ana jin tarin mutane. Fim irin The Wild Robot, wanda rabin darajarsa a zanensa take, an kashe shi ke nan.

Ga wanda ya yanke shawarar fita, nunin safe ko na bayan Azahar ya fi dacewa da yara, domin ɗakin bai cika ba, ana fitowa kafin Magariba, kuma wasu gidajen suna rage farashi a ranakun aiki, don haka a tambaya tun a waya. A ƙara kamar minti 15 zuwa 20 na tallace-tallace a kan tsawon fim ɗin idan ana lissafin lokacin salla. A ciyar da yara tun daga gida domin gugguru ya zama na marmari, a ɗauki riga mai kauri saboda sanyin na'ura, sannan a nemi kujerun tsakiyar ɗaki amma na bakin layi, domin da wuya a kai rabin fim wani bai ce zai zaga bayi ba.