Keken motsa jiki na cikin ɗaki: wata uku ina jinyar agara a kansa

Ina tsaka da shirin gudun fanfalaki na Legas, wanda galibi ake yi a watan Fabrairu tun daga shekarar 2016, agarar ƙafata ta hagu ta fara ciwo. Burina shi ne in tashi daga Babban Filin Wasa na Surulere, in haye gadar Third Mainland, in kammala kilomita 42 a Eko Atlantic, sai na yi gaggawar ƙara nisan da nake gudu a kan kwalta. Ba a jima ba na koma ɗingishi zuwa masallaci da asuba, domin takun farko bayan tashi daga barci ya fi kowane zafi. Likitan gashin ƙashi ya duba ni ya ce, "Malam, ka ajiye gudu tukuna, amma kada ka zauna haka nan." A kan wannan shawara na sayi keken motsa jiki wanda aka taɓa amfani da shi, mai birkin maganaɗisu, na kafa shi a barandar gidanmu da ke Agege.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma ba ya ƙara, don haka nakan hau shi bayan sallar asuba ba tare da na tashi yara ba. Ina yin minti 40 sau huɗu a mako, wanda ya haura minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa samu a mako. A makon farko agarar ta riƙa yi mini zogi bayan na sauka, sai likitan ya gano cewa da yatsu nake taka feda, sirdin kuma ya yi tsayi da yawa. Da na rage tsayinsa kaɗan, na mayar da fedar tsakiyar tafin ƙafa, zogin ya lafa.

Sai dai keken yana da nasa aibu. Sirdinsa tauri gare shi, har sai da na naɗa masa tawul. A zafin Legas kuma, tunda babu iskar da ke bugun mutum kamar a titi, gumi kan zuba har ya taru a ƙasa, kuma cikin wata guda tsatsa ta kama kusoshin da ke ƙarƙashin kan keken. Yanzu ina goge su kullum. Allon da ke nuna bugun zuciya kuwa ban yarda da shi ba, saboda lambobinsa sukan yi ta tsalle.

Duk mai niyyar saye ya sani cewa numfashina da ƙarfin cinyata keken ya riƙe mini, bai warkar da agarar ba. Wannan aikin matakalar bene ce ta yi shi: nakan tsaya a bakinta da yatsu, in sauke dunduniya a hankali, sau 15 har zagaye uku gwiwa a miƙe, wasu ukun gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma na tsawon mako 12. Gasar bana ta wuce ni, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma a ranar da likitan ya ba ni izinin sassarfa, na yi kilomita biyu ban yi haki ba, kuma washegari na tafi masallaci da ƙafata ba ɗingishi.