Zagayen gine-ginen Birni tare da tsohon magini

Masu jagora a Damagaram (Zinder) suna da yawa, kuma akasarinsu ƙofar fadar Sarki suke kai baƙo ya ɗauki hoto ya koma masauki. Hidimar da nake bita a nan ta sha bamban, domin mai yin ta dattijon magini ne da ya gaji sana'ar, kuma masu nemansa galibi ɗaliban jami'a ne da ke shirya kundin bincike kan fasahar gini ta Musulunci.

Zagayen yana farawa daga ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, sannan a kutsa lungunan Birni, unguwar da Nijar ta miƙa sunanta ga hukumar UNESCO a 2006 domin neman shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Gwanintar Baba, kamar yadda ɗalibai ke kiransa, a cikin soro take bayyana. Yakan tsayar da mutum a ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro, ya bayyana yadda ake jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, ana ɗaurewa ana shafe laka har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Haka yake warware yadda ake mulmula tubali, da dalilin shafa wa bango makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa domin kare shi daga ruwan damina. Wanda ya karanta wannan a littafi kawai, ba na jin zai gane inda nauyin rufin yake sauka.

Rauninsa a wajen shekaru yake. Kusan kowane gida "tun kaka da kakanni" ne a bakinsa, alhali mai bincike yana buƙatar rarrabe ginin da ya riga zuwan Faransawa a 1899, da wanda aka yi lokacin da Zinder take babban birnin mulkin mallaka kafin a koma Yamai a 1926, da kuma adon siminti da fenti na baya-bayan nan. Ba ya kuma kwatanta Birni da masallacin Agadas mai hasumiyar mita 27, ko masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Wannan aiki ne na ɗalibi da malaminsa.

Kuɗin zagayen a baki ake daidaitawa, kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ya fi kyau a fita da sassafe, a riƙe littafin zane da abin awo, a kuma bar Baba ya nemi izinin maigida kafin a wuce zaure.