Gasket ce ta ƙone ko nokin ne? Ga yadda ake bambancewa

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce akori-kurarka ta mutu a kan hanya tana ɗauke da kaya, yanzu in ka murza makulli kik ɗin sai ya yi "kat" ya tsaya, bakanike ɗaya ya ce gasket ce ta ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ɗayan kuma ya ce injin ya yi nokin, wato ƙasan injin ya cije. Toh dan Allah kafin ka bari a sauke inji ka daina murza makullin nan tukuna, duk murzawa ɗaya tana iya ƙara maka ɓarna.

Matsalar gasket galibi daga zafi take farawa. Ko ruwa ya zube daga lagireto, ko fanka ta daina juyawa, ko famfon ruwa ya mutu, allurar zafi da ya kamata ta zauna a tsakiya wajen digiri 90 sai ta haura ja, kan injin kuma idan na alminiyom ne nan da nan yake lanƙwashewa. Irin wannan motar tana ba da alama tun kafin ta tsaya, ƙarfinta zai ragu, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, kullum kana ƙara ruwa baka ga inda yake zuba ba. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga wani abu mai kauri fari-fari ya manne a jiki, ko gejin baƙin mai ya nuna man ya ƙaru maimakon ya ragu, ruwa ya shiga mai kenan. Murfin lagireto kuwa kar ka taɓa shi sai injin ya huce sarai, ruwan na ƙona mutum.

Shi kuwa nokin galibi rashin baƙin mai ne, ko man ya ƙare, ko famfon mai ya daina turawa, ko an daɗe ba a yi juye ba ya zama kwalta. Mital ɗin da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin ba ya rayuwa sai da mai, yana bushewa zai fara cinyewa. Ka tuna, kafin ta mutu fitilar mai ta kama? Ka ji wani bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwan-ƙwan-ƙwan, da ke ƙara sauri in ka taka totur? Idan eh, ni hankalina ya fi tafiya nan. A juye man a faranti mai tsabta a kai shi rana, a kuma yanka filta a ware takardar ciki, in ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe magana ta ƙare.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne dukansu biyun suna iya sa inji ya ƙi juyawa. Ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda ɗaya fistin ba zai iya hawa ba, sai a ɗauka nokin ne. Don haka a cire fulogogi duka, ko hita in dizal ce, a sa sifana a kan fulin karanshaf a juya da hannu. Ya juya ruwa ya feso ta rami ɗaya, gasket ce ko kan injin ya tsage. Ya ƙi motsi ko kaɗan, ƙasa ne ya kama. In ya juya a auna matsin kowace silinda, biyu da ke maƙwabtaka su faɗi tare alamar gasket ce ta yanke a tsakaninsu.

Wajen kashe kuɗi ba a ma haɗa su, gasket sama kawai za a buɗe a goge kan injin a sa sabuwa, nokin kuwa sai an sauke inji gaba ɗaya an kai karanshaf wanki, wato a goge shi da na'ura. Amma wlh abin da ke damuna shi ne a gyara a manta da abin da ya jawo, a ɗaura sabuwar gasket a kan toshasshen lagireto, kwana kaɗan ta sake ƙonewa. Kuma in ka yi kwanaki kana tuƙi da ruwa a cikin mai, ka ce a cire kwanon mai na ƙasa a duba mital ɗin ma, don yana yiwuwa duk bakanikan naka biyu suna da gaskiya.