Akzolotil ko zomon daji: wanne ɗalibaina za su nazarta?

Ɗalibaina a wata sakandare da ke Gwale sun kasu biyu kan dabbar da za su nazarta: akzolotil, wani nau'in salamanda na ƙasar Meziko, ko zomon daji na Turai.

Akzolotil ya yi kama da ƙadangare, amma dangin kwaɗo ne, kuma a ruwa yake ƙare rayuwarsa. Kowane gefen kansa akwai geza uku kamar gashin tsuntsu, da su yake numfashi. Abin da ya fi ɗaure min kai, in ƙafarsa ta guntule sai wata ta tsiro, da ƙashinta da jijiyoyinta. Shi ya sa masu binciken likitanci suka rungume shi. A muhallinsa na asali kuwa saura ƙiris ya ƙare, abin tausayi. Magudanan Socimilko na birnin Meziko kaɗai suka rage masa. Ruwa mai sanyi yake so, ƙasa da digiri 20, to ina shi ina zafin Kano na watan Afrilu?

Zomo kuwa yawa ne ya zame masa laifi. Asalinsa Sifen da Fotugal, cikinsa wata ɗaya, haihuwa ba ƙaƙƙautawa. A 1859 aka saki wasu 'yan kaɗan a Ostireliya, suka yaɗu suka cinye makiyaya, har sai da aka sako musu cuta a 1950.

Ni zomon na zaɓar musu. Na gida jikokinsa ne, ana kiwonsu a unguwanninmu. Yaro zai ɗauke shi, ya ji bugun zuciyarsa a tafin hannu, ya buɗe leɓensa ya ga haƙoran gaban da ba sa daina tsiro.