Kafin ka sayi kayan koya wa yara haɗa lantarki

Duk wanda ya ce zai tara yara ya koya musu haɗa kayan lantarki, Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, ake fara nuna masa. Da za a ji ta tawa, ba can kuɗin farko za su tafi ba.

Fara da tarkace: ƙananan fitilun LED, waya, makunni, batirin AA, resista (mai rage ƙarfin wuta), da allon nan mai ramuka da ake kira breadboard, wanda ba ya buƙatar narka dalma. Masu sayar wa masu gyaran rediyo kaya, irin na Sabon Gari a Kano, nan za ka fara leƙawa. Ba ruwanka da kwamfuta, ba ruwanka da ɗauke wuta. Yaro zai soka fitila ta ƙi kamawa, ya yi tsaki, ya juya doguwar ƙafarta zuwa ɓangaren +, sai ga haske, sai ihu. Ka sayo fitilu da yawa fa, don duk wanda ya jona ɗaya kai tsaye da batir mai bolt 9 ba resista, nan take za ta ƙone. Batirin nan mai kama da kwabo kuwa, CR2032, kada ya shiga inda ƙananan yara suke, don haɗiye shi na ƙona maƙogwaro.

In akwai kwamfuta, sai a zaɓa tsakanin ƙananan alluna biyu: micro:bit da Arduino. Micro:bit, wanda BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016, ya zo da fitilu 25 da maɓallai biyu a jikinsa, batirin AAA biyu ke riƙe shi, kuma ta hanyar jawo tubalan umarni a kan allon kwamfuta ake sarrafa shi. Ɗan firamare zai iya. Tsada ce matsalarsa, ga wuyar samu.

Arduino Uno, ɗan Italiya, ya fi dacewa da 'yan sakandare, saboda sai an rubuta umarni kuma an jona komai da hannu. Na kwaikwayo da ake yi a Sin ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma yana aiki, sai dai yawancinsu sai ka sa wa kwamfutar manhajar CH340 kafin ta gane su. Ka yi wannan tun a gida, kada yara ashirin su zuba maka ido.

Raspberry Pi kuwa, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, a bar shi tukuna: sai da allon kallo, madannai, katin ajiya da tsayayyiyar wuta.

Micro:bit ko Arduino ɗaya ya ishi yara uku. Rarar kuɗin ka sayi mita ɗaya ta awon wuta da akwati mai murfi.